Muryar da Ba Ta Kai Gulma Ba

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gidan Kawu a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, kuma a kwana ukun nan na gane cewa rabin waɗanda suka zo mana gaisuwa ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Kowa ya zo da kalmar da aka saba, cewa na Allah muke kuma wurinsa za mu koma. Amma in an shafa fatiha, maimakon mutum ya nemi takalminsa, sai ya gyara zama ya fara ba mu labarin Kawu, mu da muka tashi a hannunsa.

Akwai wani tsohon direba mai jigila tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Ya zo tun ranar farko, ya zauna a gefen tabarma, hularsa a hannu. Sai rana ta uku ya buɗe baki.

"Ni ban iya rubutu ba," in ji shi. "In an yi kokowa ƙauye, da ka nika riƙo sunan wanda yak kayar da wanda anka kayar, in kawo mai tasha. Rannan sai nij ji ya ce ga rediyo, wai wakilinmu na hanyar Argungu ya shaida muna. Ni! Tun da nike duniya ba wanda yat taɓa naɗa ni komi sai shi."

Ya faɗi haka yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Daga cikin gida kuma matar Kawu ta ce wata mai suyar kifi ta shigo ta fi kowa kuka. Da aka tambaye ta ko 'yar uwa ce, sai ta ce ita ba ta san ƙwallo ba, ba ta san kokawa ba, amma shekara da shekaru in ta ji sallamar Malam a rediyo ta san lokacin aza mai a wuta ya yi. Samarin Gwadangaji ma sun zo, waɗanda kullum suke musu da shi cewa bai san ƙwallon Turai ba. Suka rakuɓe a gefe kamar waɗanda aka kama da laifi.

Saboda irin waɗannan mutane na ce bari in rubuta abin da na sani, tun kafin mu ma mu fara mantawa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. A garin Gulma na ƙasar Argungu aka haife su, cikin gidan masunta. Shi kaɗai ya yi boko a gidan, ya kama aikin rediyo a Sakkwato, kuma da aka yanko jihar Kebbi yana cikin ma'aikatan da aka ce su tattara su dawo gida. Ya dawo da akwatin ƙarfe ɗaya, da littattafan rubutu, da ni, don a hannunsa nake karatu. Daga baya ni ma na shiga gidan rediyon, a sashen tsara shirye-shirye. Shi kuma shirinsa ɗaya ne tak: hirar wasanni, kowace Laraba bayan la'asar.

In an ce wasanni, kada a ɗauka ƙwallo kawai. A wurin Kawu, kokawar bayan kaka a wani ƙauye da ba ya cikin taswira daidai take da wasan ƙarshe na duniya. Dambe, tseren jirgin ruwa, langa, har sukuwar jakuna ta yara, duk yana da wurinsu. Ƙwallon ma tamaula yake ce mata, kuma duk gyaran da muka yi masa bai sauya ba. Kowace safiya sai ya biya tasha, ya sayi ƙosai, ya karɓi 'yan takardun da direbobi suka kawo masa daga ƙauyuka, wasu a bayan kwalin sigari aka rubuta, wasu da ajami. Ya zuba su a aljihun gaba, ya tafi ofis yana tauna kanumfari, wai yana gyara murya.

Yana da wasu halaye da suka sa mu dariya a lokacin. Ba ya shiga ɗakin watsa shiri da takalmi. In an tambaye shi sai ya ce, "Ɗakunan mutane za ni shiga, in shiga musu da takalma?" Sannan in ya yi sallama a farkon shiri, sai ya yi shiru. Ba gajeren shiru ba, irin wanda yake sa mai kula da na'ura ya leƙa ya ga ko wuta ce ta ɗauke. Na sha yi masa magana cewa a aikin rediyo shiru aibi ne.

"Kai ɗana," ya ce mini, "in ka yi sallama ƙohwar gida, ba ka jiran a amsa? To amsawa suka yi. Kai na ba ka ji."

Shirin a matsakaicin zango yake fita, wato tsohuwar tashar da kowane ƙaramin rediyo yake kamawa. Muryar takan zo da ƙara da shuuu, musamman da damina in hadari ya taso, amma tana zuwa. Tana ratsa fadama, ta wuce Argungu, ta kai Augie. Masunta kan sa rediyonsu cikin goran da suke iyo da shi don kada ruwa ya taɓa, sai ka ji muryar Kawu tana fitowa daga cikin gora a tsakiyar gulbi.

Cikin masu sauraron nan akwai mutum ɗaya da ya fi kowa muhimmanci a wurinsa, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Babban yayansu ne, wanda muke kira Kawu Babba. Da mahaifinsu ya rasu, shi ya zauna a bakin ruwa da komar kamun kifi da jirgi don ƙanensa ya tafi makaranta. A ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne da ake tsoro. Daga baya idonsa ya riƙa tafiya a hankali har ya rufe, kuma tun daga nan bai sake yarda ya shiga mota zuwa birni ba. Su biyun in sun haɗu ba sa wata hira. Gaisuwa ce, sai tambayar ruwa ya cika ko bai cika ba, sai shiru. Amma kowace Laraba Kawu Babba yakan sa a shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida, rediyo a cinya, ya saurari ƙanensa na minti talatin. Wannan rabin sa'a ita ce zumuncinsu, kuma ni na raba su da ita.

Ga yadda abin ya faru. An tura ni kwas wani babban birni, na ga yadda ake hirar wasanni a FM. Murya tas, kamar mutum yana zaune kusa da kai. Direbobi na ji a mota, samari na ji a 'yan ƙananan rediyon aljihu da ba sa kama komai sai FM, ana bugo waya ana musu. Na dawo kaina cike da wannan. Lokacin kuma gidanmu ya samu sabuwar na'urar FM, tsohuwar kuwa ta tsufa, tana shan mai, har aka fara shirin rage mata aiki zuwa lokacin labarai na bayan magariba kawai. Dole wasu shirye-shirye su koma sabuwar tasha. Ni da hannuna na rubuta takardar da ta ce shirin wasanni ya kamata ya fara komawa, domin masu son wasanni matasa ne, matasa kuma a birni suke.

Har yau ba zan ce duk abin da na rubuta ƙarya ne ba. A cikin gari, tsakanin gine-gine da injinan niƙa da wayoyin lantarki, tsohuwar tashar takan cika da ƙara har mutum ya gaji ya kashe. Yaran da suka taso ba su da haƙurin iyayensu. In ana son su saurara, sai an je inda kunnensu yake. Wannan gaskiya ce, kuma na faɗa wa Kawu ita a zaurensa, ina ji da kaina.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Mu ba kiɗi muka sawa ba, ɗana, magana muka yi. Magana ko da ƙara tana shiga kunne. Abin da nika tambaya guda na. Wanga sabon abu naku, har ina shika kai?"

Na ce ya rufe Birnin Kebbi da kewaye.

"Shina kai Gulma?"

Na ciro taswirar da injiniyoyi suka ba mu, mai zagayen jan layi. Na nuna masa cewa layin ya taɓa gefen Argungu, Gulma kuwa ga ta nan kusa. Na ce in da rediyo mai kyau, zai kama.

Ya dubi takardar, ya dube ni. "Taswirag ga ta taɓa kwana hwadama?"

Nan na yi abin da nake kunyarsa har gobe. Na ce masa gidan rediyo ba don mutum ɗaya aka gina shi ba. Ban ambaci suna ba, amma ya san wanda nake nufi, na kuma san ya sani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Gaskiyarka," ya miƙe ya shiga cikin gida. Wata biyu bayan nan tsakanina da shi sai ina kwana da ina wuni. Matar Kawu ta riƙa aiko mini da tuwo kamar kullum, amma ta daina sa mini kan kifi, kuma na fahimci saƙon.

Shirin ya koma FM, ya kuma karɓu. A teburin mai shayi, a garejin makanikai, a ɗakunan ɗalibai, ko'ina Kawu ake ji. Samari suka fara tare shi a hanya suna tsokanarsa da tamaula, shi kuma yana ce musu ba su taɓa ganin wasa ba tunda ba su ga an ɗaga ƙato an buga da ƙasa ba. Ya ji daɗin wannan, ba zai iya ɓoyewa ba. Ni kuma don in wanke kaina na sayi sabon rediyo mai doguwar eriya, na haɗa da batura, na ba direba ya kai wa Kawu Babba. Bayan kwana biyu saƙo ya dawo cewa an gani, an gode, Allah ya yi albarka, ana ji. Na kai wa Kawu wannan saƙo da kaina. Ya ce alhamdu lillahi, fuskarsa ta saki, har ya miƙo mini kanumfari.

Abin da mu biyun muka manta, mu da muka fito daga gidan, shi ne mutanenmu ba sa cewa kyauta ba ta yi amfani ba. In ka ba dattijo riga ta matse shi, zai ce ta yi daidai, ya ninke ya ajiye. Kawu Babba ba zai aiko a ce wa ɗan ƙanwarsa abin da ya saya ba ya aiki ba, ba kuma zai sa ƙanensa cikin damuwa a kan aikin gwamnati ba.

Sai da bikin suna ya kai ni Gulma, wata Laraba. Bayan an ci an sha, aka yi la'asar, na ga an fito da tabarma ƙarƙashin tsamiya. Kawu Babba ya zauna, ya ɗora sabon rediyon a cinya, ya zaro eriyar har ƙarshe, ya kunna. Ba abin da yake fitowa sai shuuu. Na tsaya daga baya ina jiran ya murɗa ya nemo tashar. Bai murɗa ba. Ya zauna kansa a sunkuye, ya ɗan jima, kamar mai lissafin lokaci a zuci. Can sai na ji ya ce, a hankali, "Wa alaikumus salamu wa rahmatullah."

Na tambayi matar ɗansa da ke tsaye kusa. Ta ce haka yake yi kowace Laraba tun da aka kawo rediyon. Bai taɓa kamawa ba ko sau ɗaya. Sun ɗaura waya a dogon ice, sun hau da shi kan rumbu, duk a banza. Ya hana kowa ya faɗa.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Kawu, don mi ba ka aiko ba?"

"Aiko in ce mi?" in ji shi. "Na san shina can shina yi. In ya yi sallama ba a amsa mai daga gida ba, ai da kunya."

Ban kwana a Gulma ba. Washegari da sassafe na sami Kawu a tasha yana karɓar takardunsa, na ja shi gefe na faɗa masa duk abin da na gani. Na yi zaton zai ce ai ya faɗa mini. Da ya faɗa ma da na ji sauƙi. Sai ya tsaya riƙe da ƙullin ƙosai, yana kallon motocin Argungu suna lodi, ya daɗe. Sannan ya ce, "Wata biyu. Laraba takwas ke nan."

Daga wannan mako ya ɗauki wata sabuwar al'ada. Kowace Asabar sai ya shiga motar haya zuwa Argungu, daga can ya hau mashin zuwa Gulma, da takardun shirin Laraba a aljihu. Na ce in riƙa ɗaukar masa shirin a kaset, ya ce a'a, kaset ba ya jin tambaya. Yakan cire takalmi a bakin tabarmar yayansa, ya zauna, ya sake yin shirin daga farko har ƙarshe da baki. Da farko su biyu ne. Daga baya masunta suka riƙa barin gyaran koma suna matsowa, har wurin ya zama majalisa. Na raka shi sau da yawa. A nan na fara jin su biyun suna musu kamar yara, Kawu Babba yana cewa 'yan kokawar yanzu duk ragwaye ne, Kawu yana cewa ai Yaya ma an taɓa kayar da shi a Augie, shi kuma yana rantsuwa cewa santsi ne ya ɗebe shi. Mutanen da suka shekara arba'in ba su yi doguwar hira ba.

Wata rana a hanyar dawowa na nemi gafararsa a kan maganar da na faɗa a zaure. Ya ce ya manta da ita. Na ce ni ban manta ba. Sai ya ce, "To riƙe ta, tana yi maka amfani." Na rubuta takarda har sau uku ina roƙon a riƙa maimaita shirin a tsohuwar tasha ko da na minti goma sha biyar ne. Kowane lokaci aka ce za a duba, kuma ban ga laifin kowa ba, don ni na fara nuna musu cewa ba a buƙata.

Shekara uku yana wannan zirga-zirga, da damina da rani. Ƙafarsa ta fara kumbura, likita ya ce ya rage tafiya, ya ce to, Asabar ta zo ya tafi. Rashin lafiyar da ta ɗauke shi ba ta yi tsawo ba. Ya yi shirinsa ranar Laraba, Alhamis ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, Juma'a bayan sallar asuba ya koma ya kishingiɗa, shi ke nan.

Aka sa jana'iza bayan an sauko daga masallaci. Ni ne babba a cikin waɗanda ya riƙa, don haka komai ya faɗo kaina. Cikin ruɗewa na yi abin da hannuna ya saba: na rubuta sanarwa, na aika gidan rediyo. Ina kan hanyar sayen likkafani na ji ana karanta ta daga wani shago, mutane sun tsaya cirko-cirko suna salati. A nan na tuna. Da safe ne, tsohuwar tasha a kashe take. Wayar hannu ta fara shigowa birni, amma ba ta kai ƙauye ba. Duk Birnin Kebbi ta ji, Gulma ba ta ji ba.

Na bar sauran hidima a hannun maƙwabta, wani abokina ya ɗauke ni a motarsa. Mun sami Kawu Babba a ƙofar gida yana ɗinkin koma da lalube. Tun kafin in yi magana ya ɗaga kai.

"Kai na, ɗana? Yau Juma'a. Kai kaɗai?"

Na durƙusa na faɗa masa. Ya yi salati sau uku, hannunsa bai saki zaren ba. Ya tambayi yaushe, na ce bayan asuba. Ya tambaya ko ya sha wahala, na ce a'a.

"An hwaɗi ga rediyo?"

"An hwaɗi, Kawu."

"Wacce?"

Na kasa ɗaga kai. Na ce ta birni.

Ya gyaɗa kai. "Ke nan mai shayi ya ji, mai hwaci ya ji. Ni da nig goya shi, ni na na ƙarshe." Ya ajiye komar a gefe, ya miƙo hannu. "Kama ni mu tahi. Kak su rufe shi ban kai ba."

Mutumin da ya shekara goma sha wani abu bai shiga mota ba ya zauna a kujerar baya, sandarsa tsakanin gwiwoyi, muka kama hanya har muka wuce Argungu. Ashe tun fitowarmu rediyon motar a kunne yake, ya ɗauke a hanya muka manta da shi. Muna kusa da Birnin Kebbi sai ya fara tsartsatsi, sannan murya ta fito, ana maimaita sanarwar da na rubuta. Na kai hannu da sauri zan kashe.

"Bar shi," in ji Kawu Babba.

Ya karkato da kunne ya saurara har aka gama, sunan ƙanensa, da unguwa, da lokacin sallah. Wannan ne karo na farko da tashar ta shiga kunnensa.

"Ita ta wagga?"

Na ce ita ce.

"Ba ƙara ko kaɗan," ya ce. Sannan ya sake tambaya, "Haka anka riƙa jin shi? Tas haka?"

"Haka, Kawu."

Ya koma ya jingina, ya share ido da bakin rawaninsa. "To madalla," ya ce. "Ashe sun ji shi da kyau."

Mun isa ana daidaita sahu, aka buɗe masa hanya har gaba. Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka ba dattijon da ya bari a Gulma haƙurin rashinsa, mu kuma ka sa mu cika da imani.